Kafin Ki Dangwala Yatsa A Takardar Bincike

A wannan mako ina so mu tattauna wata magana wadda ba kasafai ake ɗaga murya a kanta ba, sai dai a yi ta ƙus-ƙus a ƙuryar ɗaki.

Kwanakin baya, bayan la'asar, ina zaune ina duba littattafan yara, sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama, da takarda a ƙudundune cikin gefen mayafinta. 'Yarta, wadda na koyar a aji shida, ta yi haihuwar fari, tun kafin suna kuwa aka ga ta sake. Ba ta barci, ba ta gajiya da surutu. Yau ta rabar da kwanukan ɗakinta wai an yi mata bushara da dukiya, gobe ta ƙanƙame jaririn tana kuka wai tana jin ana kiran sunanta ta taga, za a ƙwace shi. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, da abin ya ƙi aka kai ta asibiti aka ba ta gado. Bayan mako uku ta soma dawowa cikin hayyacinta. Sai wata ma'aikaciya ta ba su wannan takarda, ta ce likitoci suna wani bincike a kan mata masu irin wannan ciwo, suna roƙon ta shiga.

Dattijuwar ta ce, "Malama, karanta mini. Mijinta ya ce a dangwala kawai, kada likita ya ji haushi ya daina duba ta. Kakarta kuwa ta rantse jininta za su kwashe su kai Turai. Ni na rasa wanda zan bi."

Na ce, "Gwaggo, kada ki bi kowa tukuna. Zauna mu karanta."

To, abin da na gaya mata shi ne ra'ayin wannan fili. Gudun bincike ba dabara ba ce, dangwala yatsa ido rufe kuma ba ladabi ba ne. Abin da ya dace shi ne a karanta, a tambaya, sa'an nan a bar mai ciwon ta yanke da bakinta.

Bari mu fara da ciwon kansa, domin da yawa daga cikinmu ba mu san yana da suna a asibiti ba. Akwai cututtukan da ke juya halin zuciyar mutum. Wani baƙin ciki ne mai nauyi yake danne shi mako da makonni, ya kasa ci, ya kasa barci, ya ga rayuwa ba ta da amfani. Wani kuwa sama yake yi ya dawo ƙasa: wani lokaci murna da kuzari da ɓarnar kuɗi da rashin barci, wani lokaci baƙin ciki. Wannan na biyun shi likitoci ke kira baifola, watau mai gefe biyu. In ɗayan waɗannan ya yi tsanani, yakan taɓa hankali, mutum ya riƙa jin muryoyin da babu su, ko ya ƙudurta abin da ba haka yake ba, kowa ya yi ya yi ya ƙi saki.

Mu mata akwai lokacin da wannan ya fi samunmu, shi ne jego. Cikin kowace mace 1,000 da suka haihu, 1 ko 2 sukan sami taɓin hankalin jego, galibi cikin mako biyun farko. A 1987 likitocin birnin Edinbara suka bi lissafin haihuwa fiye da 54,000, suka tarar cikin kwana 30 na farkon jego hatsarin a kwantar da mace saboda taɓin hankali ya ninka na sauran lokuta fiye da sau 20. Macen da dama tana da baifola kuwa, kusan haihuwa 1 cikin 5 takan tayar mata da shi da ƙarfi. Ba laifin mai jego ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ciwo ne na gaggawa, kuma mafi yawan waɗanda aka kai asibiti da wuri sukan warke su rungumi 'ya'yansu. A yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Dukan mai ciwo da ɗaure ta da mari ba magani ba ne.

Yanzu sai maganar kaka. Kada wadda ta yi mata dariya, don tsoronta yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, aka ba rabi sabon maganin, rabi wani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an gaya musu da baki, kuma sanƙarau ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ko da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma ku duba da kyau. Abin da iyayen nan suka yi kuka da shi, rashin bayani ne da rashin neman yarda. Maganin wannan kuwa shi ne a tilasta bayani, ba a rufe ƙofa ba. Domin in muka rufe ƙofa, mu ne da asara, kuma ga dalilina.

Babu ƙwayar da ake ba mai wannan ciwo a Barnawa ko Dawanau ko Kware wadda ba a kan wasu bayin Allah aka fara gwada ta ba. Ku ɗauki litiyam, wani irin gishiri wanda har yanzu yana cikin manyan magungunan baifola. A 1949 wani likita a ƙasar Ostareliya, Dokta John Cade, ya ba da rahoton yadda ya fara shan sa da kansa don ya ga ko zai cutar, sa'an nan ya ba marasa lafiya 10 waɗanda ciwon ya ɗaga su sama, suka natsu. Na farkonsu ya yi shekaru a tsare a asibiti, ya warke har ya koma aiki. Amma a shekarar da ta biyo ya rasu, saboda gishirin ya yi yawa a jininsa. Daga irin wannan hasara aka koyi cewa tilas a riƙa auna jinin mai shan litiyam. Na kawo wannan ne don ku ga ɓangaren biyu: bincike yana da amfani, yana kuma da hatsari, wanda duk ya ɓoye muku ɗaya bai gaya muku gaskiya ba.

Sa'an nan mu mata an daɗe ana barinmu a baya. A 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce a keɓe matan da za su iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin sababbin magunguna, sai a 1993 ta janye wannan. Niyyar kare jarirai ce, amma sakamakon shi ne aka daɗe ana ba mata magani da ma'aunin jikin maza. Abin da aka sani game da ciki da jego, daga matan da suka yarda aka bi labarinsu aka same shi. Ta haka aka gano cewa maganin nan da ake sayarwa da sunan Epilim, wanda ake ba masu farfaɗiya da masu baifola, in mai ciki tana sha, kusan jariri 1 cikin 10 yakan zo da naƙasa. Wadda take shan sa kada ta yar da shi da kanta, ta je ta ga likita tun kafin ciki ya shiga. Haka kuma a 2016 likitocin ƙasar Holan suka tara sakamakon bincike masu yawa, suka tarar matan da ke da baifola waɗanda suka zauna ba magani lokacin ciki, kashi 66 cikin 100 ciwon ya tashi musu bayan haihuwa, waɗanda aka ba maganin rigakafi kuwa kashi 23 ne. Kowane lamba a nan mace ce da ta ce na yarda. Ba su san mu ba, amma muna cin moriyarsu.

Wani abin kuma, mafi yawan mutanen da aka yi binciken ƙwayoyin gado a kansu game da waɗannan cututtuka Turawa ne. Shi ya sa a 2018 aka soma wani babban bincike a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu, inda dubun-dubatar mutane, masu ciwo da masu lafiya, suka ba da yawunsu. Abin da ya burge ni shi ne, kafin a karɓi kowa sai an yi masa tambayoyi an tabbata ya fahimci abin da zai shiga. A ƙasarmu ma abin ba baƙo ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowane da ɗan uwansa mai jinya, ana yi musu magani ba tare da kulle ba, har duniya ta zo koyo. In ba a ji daga bakin matanmu ba, yaya likita zai san yadda ciwon ke bayyana a gidan da ake wankan jego, ga kishiya, ga uwar miji, ga 'yan barka dare da rana? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, sai maganar maigida, wanda ya ce a dangwala kada likita ya ji haushi. Shi ma tausayin matarsa ne ya sa, amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Jinya daban, bincike daban. Jinya don ke ake yi. Bincike kuwa don a sami ilmin da zai amfani na baya ake yi, mai yiwuwa ki amfana, mai yiwuwa ba ki amfana da kome ba. Saboda haka shiga bincike kamar sadaka ce, ba a karɓarta da ƙarfi. Wannan ƙa'ida an rubuta ta a Nurembag a 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni, ƙungiyar likitocin duniya ta ƙarfafa ta a Helsinki a 1964. A nan gida Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba a yin bincike a kan mutum sai da rubutacciyar yardarsa, bayan an sanar da shi manufar aikin da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa. Akwai kuma kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, manyan asibitoci ma suna da nasu, kuma tilas su duba kowane bincike kafin a fara. In kin ce a'a, babu mai ikon rage miki magani ko ya sauya miki fuska.

Yardar wa ake nema? Taki. Ban ce ki ɓoye wa maigida ba. Shawara da shi da iyaye ita ce zaman lafiya, kuma su ne za su lura da ke in ciwo ya motsa. Amma sa hannun miji ba ya zama madadin naki, domin jikinki ne za a soka wa allura, asirinki ne za a rubuta. Ku kuma masu jinya, ku sani taɓin hankali ba ya kwashe wa mutum 'yancinsa har abada. Ciwon nan yana zuwa yana tafiya. Ranar da ta rikice ba ranar neman yardarta ba ce. In ba dole, a jira ta natsu. In binciken irin wanda ba ya yiwuwa sai lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa ne, to wakilinta na iya yarda a madadinta, amma in ta nuna ba ta so a ƙyale ta, in ta warke kuma a sake tambayarta. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ruhinta ke nan: mai ciwon ƙwaƙwalwa mutum ne mai haƙƙi.

Ku lura da wani abu da ya keɓanci wannan ciwo. Wadda ya ɗaga sama takan ce to ga kome, don a ganinta babu abin da zai same ta. Wadda ya danne ƙasa kuma takan ce to don ba ta damu da abin da zai same ta ba. Duka biyun ba yarda ba ce. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce a ce ta maimaita da bakinta abin da za a yi mata, da abin da zai iya faruwa, da kuma cewa tana da ikon ƙi. In ta iya, an sami yarda. In ta kasa, a dakata.

Ga tambayoyin da nake so kowace mace ta riƙe, matambayi ba ya ɓata.

Na ɗaya, me ake so a gano, su wa ke yi, wa ya ba da kuɗin, kuma wane kwamiti ya amince? A nuna miki takardar amincewar.

Na biyu, me za a yi mini? Wani bincike tambayoyi ne kawai. Wani a ɗebi jini ko yawu, ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Wani kuwa gwajin magani ne, shi ya fi bukatar lura. Sau nawa zan zo, har tsawon wane lokaci?

Na uku, za a tsayar ko a sauya maganin da nake sha? A gwajin magani sau da yawa ƙuri'a ce ke raba mutane gida biyu, ba zaɓin likita ba, wani lokaci ma ana ba gida ɗaya ƙwayar da babu magani a cikinta don a kwatanta. Ki tambaya ko haka ne, kuma in ciwon ya tashi da tsakar dare wa za a nema. Mai ciwo mai tsanani ba a barinta ba magani saboda bincike.

Na huɗu, ina shayarwa, ko ina sa ran ciki. Me wannan zai yi wa jaririna? Kada kunya ta hana ki wannan tambaya. In bakinki ya yi nauyi a gaban namiji, ki nemi a haɗa ki da ma'aikaciya mace.

Na biyar, wa zai ga sunana? Mun san garinmu. Da zarar an ce akwai hauka a gidan su wance, ƙannenta ma sai sun sha wuyar samun miji. A ƙa'ida lamba ake sa wa takardunki maimakon suna. Jinin kuma, ina za a kai shi, shekara nawa za a ajiye, me za a yi da shi? Gaskiya ne wani lokaci akan kai shi ƙasar waje don aunawa, ba laifi ba ne in an gaya miki kin yarda.

Na shida, in na cutu wa zai biya jinyata? Kuɗin mota da na ɓata lokaci da akan bayar daidai ne. Amma in kuɗin ya yi yawan da zai rufe miki ido, ki ƙara buɗe idon.

Na bakwai, in na fasa a tsakiya fa? Amsar da ta dace ita ce kina iya fita ran da kika ga dama, ba sai kin faɗi dalili ba, jinyarki kuma tana nan yadda take. Sai dai in magani ake ba ki, ki sanar da likita kafin ki daina, don tsayar da irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana tayar da ciwo.

Ki nemi a yi miki duk wannan bayani da Hausa, a ba ki kwafen takardar ki kai gida ki kwana a kanta. Wadda ba ta karatu ta zo da shaida wanda ta amince da shi, ba ma'aikacin binciken ba. Duk wanda ya ce sai yau, sai yanzu, to ki ce masa sai gobe.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aikinku ne. A gidaje da yawa ke ce kaɗai mai iya karanta irin wannan takarda. In aka miƙo miki, kada ki karanta layin farko ki ce ai ba kome. Ki bi ta layi layi, inda ba ki gane ba ki ce ban gane ba, a koma a tambaya. Abin da kika karanta kuma amana ne, ba na hira a bakin famfo ba ne. Ku daina yi wa 'yar ajinku dariya don uwarta ta taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa, babu wadda ta san abin da jegonta zai zo da shi. Ku dage da lissafi da kimiyya, domin ranar da likitar da ke riƙe da takardar ta zama 'yar unguwa mai jin Hausa, tsoron kaka zai ragu da kansa.

Ga masu binciken kuma, roƙonmu guda biyu ne. Ku rubuta takardunku da harshen da ake magana da shi a tsakar gida. In kun gama, ku dawo ku gaya mana abin da kuka gano, kada ya tsaya a littattafan da ba ma gani.

Takardar Gwaggo dai, da muka karanta, ba gwajin magani ba ce. Tambayoyi ne, da ɗibar jini sau ɗaya, da zuwa asibiti lokaci lokaci har shekara guda. Na ce ta mayar wa mai ita. Yarinyar ta karanta da kanta, ta yi shawara da mijinta, ta koma da tambayoyi biyu da ni ban ma tuna da su ba: shin za a riƙa zuwa gidanta da motar asibiti maƙwabta suna kallo, kuma shin tana iya amsa tambayoyin ta hana a fitar da jininta waje? Aka ce ba za a zo gida ba, kuma tana iyawa. Sa'an nan ta karɓi biro ta rubuta sunanta. Da ta ce a'a ma, da na yaba mata daidai da haka, domin abin da nake nema ke nan, ta sani kafin ta zaɓa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.